Bazazzagi, Wannan Jan Ba Na Goro Ba Ne

Gaisuwar ubangida zuwa ga bawansa na Zazzau, da fatan kana lafiya kai da iyali, ban da bakinka, wanda na riga na ga halin da yake ciki. Na so in rufa maka asiri in yi maka maganar nan a kunne, sai na tuna halinku: duk abin da aka faɗa wa Bazazzagi a Kano, kafin mota ta kai Kwanar Ɗangora ya zube. Shi ya sa na ɗora ta a wannan shafi, inda surukanka ma za su karanta su taya ni.

Ranar walimar nan da ka zo mana, idona na kanka. An ajiye kilishi a gabanka, kai da a da ba a barin ka da faranti sai da mai gadi, sai ga shi ka tsakuri ɗan gefe ka jefa a baki, kana juya shi daga wannan kunci zuwa wancan, kana neman inda zai yarda ya taunu. Na ce ko kunyar iyayen gidanka ce ta kama ka. Da la'asar aka kawo rake, abin tinƙahonku, ka nemi wuƙa. Bazazzagi da wuƙa a kan rake! Ka fere, ka gatsa, ka furzar da tuƙa, sai ga ja a jikinta. Na tambaye ka, ka ce goro ne. Malam, jan goro daban, jan jini daban, ko yaron da ke ɗaukar huhun goro a kasuwar Mariri ya san wannan. Da muka zo alwalar magariba ka zaro asuwaki ka ɗan goga, kansa ya rine. Nan take ka sauya fatawa: wai mugun jini ne ke fita, alamar asuwakin yana aiki.

To gyara zama in karantar da kai, tunda duk makarantun da aka jibge muku daga Kongo zuwa Samaru sun kasa.

Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge baki ko an gatsi rake. Idan ka ga jini, a kumbure yake, kuma akwai abin da ya kumbura shi. Gobe da asuba, kafin ka sa ruwa a baki, ka sa farce ka kankari gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Za ka ga wani farin abu mai laushi da yauƙi. Kada ka ce ragowar tuwon jiya ne. Taron ƙwayoyin cuta ne da suka manne a nan, kuma ko yanzu ka goge, cikin sa'o'i sun fara sake taruwa. Kowa na da shi, har mu Kanawa, duk da tsaftarmu. Bambancin kawai, wani yana share nasa safe da dare, wani kuma ya bar shi ya yi kwanaki. Wanda aka bari, sinadaran da ke cikin yawu sukan daskarar da shi ya zama kanta mai tauri, wadda buroshi ko asuwaki ba sa iya ɓamɓarewa. Ari madubin uwargida ka leƙa bayan haƙoranka na gaba na ƙasa, kusa da inda yawu ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin harshe. Nan ta fi taruwa. A bakin mai goro irinka takan rine ta yi ja-ja ko baƙi-baƙi, har ka ɗauka jikin haƙorin ne.

A nan zan yi wa goro adalci, don ba a gina Kano da zagin goro ba. Ba shi ke kawo ciwon dasashi ba. Laifinsa ɗaya: yana rina bakin har mai shi ya kasa bambance lafiya da ciwo, ya kuma ba masu neman uzuri irinka abin fakewa.

Kanta tana da kaushi, ƙwayoyin cuta kuwa wurin kaushi suke so. Suna nan a gindin haƙori, jiki yana turo jini da dakarunsa su yaƙe su, sai dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya yi sheƙi, ko an ɗan taɓa shi jini ya fito. Wannan shi ne matakin farko, kuma shi kaɗai ne ake warkewa sarai. A wanke kantar, a dage da goge baki yadda ya kamata, cikin mako biyu ko makamancin haka jinin ya ɗauke, dasashi ya koma yadda Allah ya yi shi. Amma me mutane ke yi? Da sun ga jini sai su kauce wa wurin, su ce kada a fama ciwo. Datti ya ƙara samun wurin zama, jini ya ƙaru, su ƙara kaucewa. Haka ake tafiya shekara da shekaru.

Mataki na biyu shi ne nake jin ka taka. Dasashin da ya daɗe a kumbure yakan saki jikin haƙori, wani ɗan rami ya buɗe a tsakaninsu. Datti ya gangara ciki, inda babu buroshin da zai kai. Yaƙin ya koma ƙasa, ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da saiwar haƙori ya fara narkewa kaɗan-kaɗan. Ka san turken da kake ɗaure ragon layya? Komai ƙarfin iccen, idan ruwa ya yi ta zaizaye ƙasar gindinsa, wata rana ɗan akuya ma zai tumɓuke shi. Haka haƙori yake. Sai ka ga ya faɗo fari tas, ba huji ba tsaga, mai shi yana salati yana cewa jifa ne ko tsufa. Ƙashin da ya narke kuwa ba ya dawowa don kansa. Galibi iyakar abin da ake yi, a tsayar da ɓarnar inda ta tsaya.

Abin da ya sa wannan ciwo ya fi kogon haƙori mugunta shi ne rashin zafi. Kogo yakan hana ka barci ka nemi magani dole. Shi kuwa wannan lallaɓawa yake yi, kana cin tuwonka kana dariyarka. Alamunsa sai mai lura: haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo saboda dasashi ya ja baya, ruwan sanyi ya riƙa tsira maka, nama ya riƙa maƙalewa inda da ba ya maƙalewa, ka danna dasashi ruwan mugunya ya tsattsafo, haƙori ya fara girgiɗi ko ya goce daga layinsa. Na ji kana yi wa mutane burga wai wushirya ta fito maka. Bawan Allah, wushirya ba ta jira sai furfura ta cika gemu sannan ta zo. Haƙoranka ne suka fara raba gari.

Sai wari. Wannan ba wanda zai faɗa maka sai ni, don abokin wasa ne kaɗai ke da wannan lasisi. Ka lura duk wanda kake yi wa raɗa sai ya tuna yana da uzuri? Kanumfarin da kake tsotsa da turaren da kake bulbulawa a riga ba sa kai wa cikin ramin dasashi, inda warin ke fitowa. Kada ka ji kunya ta kashe ka, ba kai kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 19 cikin 100 na manya a duniya suna da ciwon dasashi mai tsanani, mutum sama da biliyan 1 ke nan. Ba a fitar da kason Zazzau daban ba, amma ina da zato.

Yanzu mu zo kan magungunanka, don labari ya iso mini. An ce an gan ka a tasha gindin motar nan mai lasifika, wai mai maganin ya turara maka hayaƙi ya nuna maka tsutsotsi a kwano. Kai da ka yi boko ka yi allo! Babu tsutsa a cikin haƙori, ba a taɓa yi ba. An ce kuma kana danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi ka kwana da ita. Asfirin haɗiye ta ake yi. Idan aka ajiye ta a kan nama ƙona shi take yi, wurin ya yi fari ya saɓule. Masu ɗiga ruwan batir ko fetur kuwa, su sai addu'a. Ruwan ɗumi da gishiri ba laifi, yana sanyaya kumburi, amma ba ya cire kanta. Kafson da kake saya a kemis duk sanda dasashi ya taso shi ma haka: zai kwantar da kumburin kwana kaɗan, dattin yana nan inda yake, ciwon ya dawo, ƙwayoyin cutar kuma su koyi jure wa maganin. Wannan ciwo da hannu ake fara maganinsa, a kankare abin da ya manne.

Abin da ya fi ba ni haushi, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika, a bayan gidanka. Mutane na tasowa daga jihohi masu nisa su kwana a hanya don su ga likita a can, kai kuwa sai dai ka raka masu dubiya. Idan kunyar mutanen garinku kake ji, zo Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori, Jami'ar Bayero kuma tana yaye likitocin haƙori. Ko da me ka zo an fi ka, har da ruɓaɓɓen baki.

Na san tsoro ne, don haka bari in faɗa maka abin da za ka tarar. Za a kwantar da kai a kujera, a haska fitila. Likita zai ɗauko wani siririn ƙarfe mai dasasshen baki, jikinsa da zane-zanen milimita, ya riƙa zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, yana kiran lambobi wani yana rubutawa. Ka kasa kunne, don jarrabawarka ce ake makawa. Idan ka ji 1, 2, 3, lafiya lau. Idan ka ji 4 ko 5, rami ya fara. Daga 6 zuwa sama, ɓarna ta yi nisa. Zai taɓa kowane haƙori ya ji ko yana motsi, a ɗauki hoto a ga iyakar ƙashin da ya rage. Daga nan sai wanki, da wata na'ura mai tsuwa da feshin ruwa, kana jin ɓarɓashin kanta na faɗowa a harshe. Idan ramukan sun yi zurfi, a yi maka allurar kashe zafi a kankare har jikin saiwa, wani lokaci a zama fiye da ɗaya.

Kada ka saurari 'yan majalisarku masu cewa wankin haƙori yana sa haƙora girgiɗi ko yana buɗe giɓi. Giɓin dama yana nan, kanta ce ta toshe shi, kumburi ya rufe. Da aka cire sai gaskiya ta bayyana. Za ka ɗan ji tsirawar sanyi na 'yan kwanaki ko makonni, ya wuce.

Yawancin masu wannan ciwo a hannun likitan haƙori na gama-gari suke gamawa. Amma akwai inda aikin ya fi ƙarfinsa, sai ƙwararre, wato likitan haƙorin da ya ƙara shekaru yana karatu a kan dasashi da ƙashin da ke ƙarƙashinsa kaɗai. Ba su da yawa a ƙasar nan, galibi a asibitocin koyarwa ake samunsu, shi ya sa nake ta nuna maka Shika. Bayan wankin farko akan ce ka dawo nan da wata biyu ko uku a sake awo. Idan har a lokacin akwai ramukan da suka kai milimita 6, ko suna ta jini da mugunya, to maganar ƙwararre ta taso. Haka idan haƙora sun fara girgiɗi ko gocewa, ko dasashi ya ja baya har saiwa ta fito fili, ko ƙurji yana tasowa a wuri ɗaya ya fashe ya sake tasowa. Haka kuma idan mai ciwon matashi ne, ɗan shekara 20 ko 30, amma hoto ya nuna ƙashi ya zube; irin wannan yakan bi jini, sai a duba 'yan'uwansa ma. Shi ƙwararre yana iya ɗaga dasashin ya wanke saiwa ido na gani ya mayar ya ɗinke, ya cike wasu ramukan ƙashi idan siffarsu ta ba da dama, ya yanko ɗan nama daga ganɗa ya rufe saiwar da ta tsiraita, ko ya ɗaure haƙora masu motsi da siririyar waya su tallafi juna. Wanda ba shi da ceto kuma ya faɗa maka gaskiya a cire. Idan likitanka bai ambaci turawa ba alhali kana ganin waɗannan alamu, buɗe baki ka tambaya. Surutu dai ba a fi ku ba.

Akwai kuma abin da ba a jira masa ranar asibiti. Kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko ya hau wajen ido, da zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, yawu ya ƙi haɗiyuwa, numfashi ya fara wuya: ko tsakar dare ne a nufi sashen gaggawa, don irin wannan kumburi yana toshe maƙogwaro ya yi kisa. Gyambon baki da ya haura mako biyu zuwa uku bai warke ba, a kai a duba, musamman ga mai taba. Dasashin da ke zubar da jini haka kawai ba a taɓa shi ba, ga kasala, ga tabon taruwar jini a fata, wannan gwajin jini yake nema, don ciwon yana iya zama ba na baki ba ne.

Ka ce mini an taɓa ce maka suganka ya ɗan hau, ka ce likitan ne bai iya awo ba. To ka sani ciwon suga da ciwon dasashi hannunsu ɗaya. Mai sugan da bai daidaita ba ya fi sauran mutane haɗarin wannan ciwo ninki biyu zuwa uku, kumburin dasashin kuma yana ƙara wahalar da daidaita sugan. An gwada an gani, idan aka yi maganin dasashi, awon suga yakan ɗan sauka. Sai ka rage mazarƙwaila. Shi kuma amininka mai sigari da ke yi maka dariya wai nasa bakin ba ya jini, ka isar masa da saƙona: taba tana matse jijiyoyin jini, sai alamar ta ɓuya ɓarna na ci gaba, kuma ko an yi masa aiki bakinsa ba ya saurin warkewa. Ya fi ka shiga uku. Idan kana shan maganin hawan jini irin amlodifin ko nifedifin, ko wani a gida yana shan fenitoyin don farfaɗiya, waɗannan sukan sa dasashi ya yi toho har ya hau kan haƙori. Kada a daina sha da ka. A faɗa wa likitan da ya rubuta, shi ya san abin da zai musanya. Amaryar da kake ta ɗoki kuwa, idan rabo ya zo, ciki yana ƙara wa dasashi kumburi da jini, kuma ba ya hana a wanke mata haƙori.

Nan kuma zan ajiye wasa. Akwai cutar nan mai cin fuskar yara da ake kira noma, kuma daga dasashi take farawa. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Dasashi ya yi gyambo, baki ya yi wari, kunci ya kumbura, cikin kwanaki nama ya fara mutuwa. Idan ba a yi magani ba, yawancin yaran ba sa tsira. Idan aka kai da wuri, magani da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Idan ka je ƙauye ka ga yaro ramamme mai warin baki da jinin dasashi, kada ka bari a ce haƙori yake yi. A kai shi asibiti a ranar.

Asuwakinka ban ce ka yar ba. Sunna ce, kuma yana aiki idan an iya riƙe shi. Kai dai matsalarka, kana saƙale shi a gefen baki kana yawo da shi a unguwa don a ce malam ne, sai ka goge haƙoran gaba huɗu da ake gani ka bar sauran 28 ga Allah. A bi gindin kowane haƙori, ciki da waje, har turame na can ƙurya, a hankali, a kuma riƙa yanke kan da ya tsufa. Haɗa da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, minti biyu, safe da kuma kafin barci, a sauya buroshin bayan wata uku. Dirza da ƙarfi ba tsafta ba ce, dasashi take korawa. Gawayi da toka suna kankare jikin haƙori. Tsakanin haƙora kuma, inda ciwon ya fi farawa, a sa zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin da aka yi don wurin, a bar tsinken tsintsiya da kan ashana. A kwanakin farko jini zai fito, kada ka fasa. Wanda aka riga aka yi wa aiki kuwa, komawa wanki duk bayan wata uku zuwa shida ya zama masa dole, don ciwon yana dawowa ga wanda ya saki jiki.

Saboda haka, bawana, wannan makon ka shirya ka tafi Shika da sassafe. Ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, ka nemi a gwada maka suga, kuma ranar ka haƙura da goro har likita ya gama dubawa. Idan ya tambaye ka tun yaushe jinin ya fara, ka faɗi gaskiya, ban da irin lissafinku na Zage-zagi. Idan ya tambayi wanda ya turo ka, ka ce ubangidanka ne na Kano.